Daga tafkin wanka zuwa kotun Dakar: waiwaye kan mulkin Hissène Habré

A tsakiyar Injamena, babban birnin Chadi, akwai wani tafkin wanka da aka gina tun zamanin Turawan mulkin mallaka na Faransa. A shekarar 1987 aka zuba masa rufin kankare, aka yanyanka cikinsa zuwa ɗakuna goma, ya koma kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Sunan bai canja ba, ana ci gaba da ce masa La Piscine, wato tafkin wanka. Duk wanda ya san zafin bazara a yankin Tafkin Chadi zai fahimci abin da ake nufi da cusa mutane da yawa cikin ɗaki guda a rami, ba taga sai 'yar kafa. Waɗanda suka fito da rai sun ba da shaidar cewa gawa takan kwana biyu ko uku a cikinsu kafin masu gadi su zo ɗauka, kuma akwai fursunonin da suka riƙa jingina da gawar saboda ta fi jikin mai rai sanyi.

Mutumin da aka yi wannan a ƙarƙashin mulkinsa shi ne Hissène Habré, wanda ya riƙe Chadi daga 1982 zuwa 1990. 'Yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam sun laƙaba masa suna Pinochet na Afirka, suna kwatanta shi da Augusto Pinochet, shugaban mulkin soja na ƙasar Chile. Laƙabin ya yi amfani a lokacinsa, amma idan aka bi tarihin a tsanake za a ga inda ya dace da kuma inda ya gaza.

An haifi Habré a 1942 a Faya-Largeau, can cikin hamadar arewacin Chadi, ɗan ƙabilar Gorane ne. Ya yi karatu a birnin Paris, ya dawo ya shiga tawayen arewa. Duniya ta fara jin sunansa a 1974, lokacin da mayaƙansa suka yi garkuwa da Françoise Claustre, wata Bafaranshiya mai binciken kayan tarihi. A 1978 ya zama firaminista a gwamnatin Janar Félix Malloum, zaman bai yi nisa ba aka gwabza a cikin Injamena a watan Fabrairun 1979. A nan ne Najeriya ta shigo. An tara shugabannin ɓangarorin a Kano a watan Maris na shekarar, aka sake zama a Legas a watan Agusta, aka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya wadda Goukouni Oueddei ya shugabanta, Habré kuma ya zama ministan tsaro. Kafin a cika shekara yarjejeniyar ta wargaje. Dubban mutane suka tsallake kogi zuwa Kusiri ta Kamaru, wasu suka zarce har Maiduguri. Gaddafi ya turo wa Goukouni sojoji, Habré ya gudu, ya sake shiri daga iyakar Sudan, ranar 7 ga Yunin 1982 ya shigo Injamena ya karɓi mulki.

Abin da ya ɗaure masa gindi shi ne gabarsa da Gaddafi. Gwamnatin Ronald Reagan a Amurka na neman wanda zai taka wa Libiya burki, Faransa ma ba ta son ta rasa tsohuwar gonarta. Makamai da kuɗi suka riƙa zuwa. Faransa ta sauke sojojinta a 1983, ta sake saukewa a 1986. A 1987 sojojin Chadi, cikin motocin Toyota marasa sulke, suka fatattaki rundunar Libiya a Fada da Wadi Dum, nasarar da ta ba duniya mamaki. A watan Yunin shekarar Reagan ya karɓi Habré a fadar White House. Wannan ita ce shekarar da aka rufe saman tafkin wankan. A nan kamanninsa da Augusto Pinochet na ƙasar Chile ya fi fitowa fili: dukansu biyu sun ci karensu babu babbaka saboda manyan ƙasashe na buƙatarsu a lokacin Yaƙin Cacar Baka, suka kuma zaɓi su kau da kai.

Makamin da ya yi mulki da shi a cikin gida shi ne hukumar 'yan sandan ciki da ya kafa a watan Janairun 1983, wadda aka fi sani da DDS. Dokar da ta kafa ta ta ajiye ta kai tsaye ƙarƙashin ofishin shugaban ƙasa. 'Yan leƙen asirinta suna cikin unguwanni, da kasuwanni, da ofisoshi, har cikin 'yan gudun hijira a ƙasashen maƙwabta. Mutum ba ya sakin baki ko a gaban ɗan'uwansa. Akwai salon azaba da ake kira arbatashar, inda ake haɗa hannuwa da ƙafafu a ɗaure ta baya har ƙirji ya bankare, wasu hannayensu sun shanye har abada. Akwai na sanduna biyu da ake ɗaurawa a kai ana matsawa. Akwai ɗura ruwa, akwai wutar lantarki, akwai cusa bakin salansar mota a bakin mutum.

Kisan kuma zagaye ya riƙa yi, ƙabila bayan ƙabila. A 1984 aka afka wa kudu, aka bi malaman makaranta, ma'aikata da sarakunan gargajiya na Sara da maƙwabtansu, abin da 'yan Chadi ke kira Baƙar Satumba har yau. A 1987 aka juya kan Hajarai, waɗanda da su aka yi yaƙin ƙwatar mulki. A 1989 sai Zagawa, bayan manyan hafsoshinsu uku sun ɓalle. Biyu sun rasa rayukansu, ɗaya ya sha da ƙyar ya tsallaka Sudan. Sunansa Idriss Déby, shi ne kuma ya dawo da mayaƙa a watan Disambar 1990 ya kori maigidansa. Bai kamata a manta ba cewa Déby na cikin manyan kwamandojin Habré a lokacin da ake zubar da jini a kudu, kuma har ya mutu a 2021 babu kotun da ta tambaye shi komai a kan haka.

Hukumar bincike da sabuwar gwamnati ta kafa ƙarƙashin Mahamat Hassan Abakar ta fitar da rahotonta a 1992. Ta tattara sunayen mamata 3,780, ta ce wannan bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, daga nan aka samo adadin 40,000 da ake yawan ambata. Ƙiyasi ne, amma ko rabinsa aka ɗauka ya ninka na Chile sau da yawa, inda aka lissafa sama da mutum 3,000 da aka kashe ko aka ɓatar a shekaru 17 na Pinochet, a ƙasar da ta fi Chadi yawan jama'a. Don haka in yawan jini ake aunawa, kiran Habré da sunan Pinochet rage masa laifi ne. Ya fi kusa da Idi Amin na Yuganda, wanda shi ma ya yi shekara takwas, daga 1971 zuwa 1979, shi ma yana da nasa gidan azabar a unguwar Nakasero, ko Mengistu Haile Mariam na Habasha, wanda a zamaninsa aka riƙa karɓar kuɗin harsashi daga iyaye kafin a ba su gawar 'ya'yansu.

Ni dai auna azzalumai da yawan gawa bai taɓa gamsar da ni ba, domin uwar da aka ɗauke wa ɗa guda da tsakar dare ba ta samun sauƙi don an ce mata wata ƙasa ta fi tata asara. Kwatancin da ya fi ma'ana shi ne na yadda kowannensu ya ƙare. Amin ya mutu a asibitin Jidda a 2003, ba a taɓa gurfanar da shi ba. Mengistu ya sami mafaka a Zimbabuwe tun 1991, kotun Habasha ta same shi da laifin kisan ƙare dangi a 2006 ba ya nan, hukuncin bai taɓa isa jikinsa ba. Pinochet an tsare shi a Landan a watan Oktoban 1998 bisa sammacin wani alƙalin Sifaniya, Baltasar Garzón, aka sake shi a 2000 da dalilin rashin lafiya, ya mutu a 2006 ba tare da an yanke masa hukunci ba. A Najeriya ma, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a watan Disambar 1997, Janar Sani Abacha ya bi bayan wata shida, an kafa kwamitin Oputa mai binciken take haƙƙin ɗan Adam ya saurari koke-koke, amma gwamnati ba ta taɓa fitar da rahotonsa a hukumance ba. A cikin waɗannan duka Habré ne kaɗai ya mutu yana zaman hukuncin ɗauri.

Dalilin ya faro ne daga mutanen da ba su da bindiga ko muƙami. Souleymane Guengueng akanta ne a Hukumar Tafkin Chadi. An kama shi a 1988 bisa zargin taimaka wa 'yan adawa, ya ga abokan ɗakinsa suna mutuwa da yunwa da ciwo, ya yi wa Allah alkawarin in ya fito da rai ba zai yi shiru ba. Da aka buɗe gidajen yari a 1990 ya bi gida-gida yana rubuta suna, ranar kamu, irin azabar da aka yi, yana haɗawa da hoto, har ya tara bayanan mutum 792. Ya ɓoye takardun shekara da shekaru, saboda da yawa daga tsoffin jami'an DDS sun sami gurbi a sabuwar gwamnati. Akwai Clément Abaifouta, ɗalibin da aka tilasta wa haƙa kaburburan 'yan'uwansa fursunoni a filin Hamral-Goz da ke bayan gari. Akwai lauya Jacqueline Moudeina, wadda aka jefa wa gurneti a 2001, ta warke ta koma kan shari'ar.

Sannan akwai Rose Lokissim, sojar da aka tsare a 1984. Daga cikin kurkuku ta riƙa rubuta sunayen waɗanda suka mutu a 'yan guntayen takardu tana fitarwa ga iyalansu a ɓoye. Aka tona ta, aka kashe ta a watan Mayun 1986. Jami'an da suka yi mata tambayoyi na ƙarshe sun rubuta a rahotonsu cewa ta ce ko ta mutu ba ta nadama, Chadi za ta gode mata, tarihi zai ambace ta. Da hannunsu suka adana maganar.

Wannan rahoto ya fito fili ne a 2001, lokacin da Reed Brody da abokin aikinsa na ƙungiyar Human Rights Watch suka shiga tsohuwar hedikwatar DDS suka tarar da takardu zube a ƙasa cikin ƙura: takardun shaidar mutuwa, jerin fursunoni na kullum, rahotannin da ake aika wa shugaban ƙasa. Da aka tantance, an sami sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare, da 12,321 da aka ci zarafinsu. Habré mutum ne mai son a rubuto masa komai, wannan ɗabi'ar ce ta hana shi cewa bai sani ba.

Duk da haka shari'ar ta ja. Tsare Pinochet a Landan ne ya ba waɗanda aka zalunta ƙwarin guiwa, suka shigar da ƙara a Dakar, inda Habré ya tare da dukiyar da ya kwasa daga baitulmali. A watan Fabrairun 2000 alƙali Demba Kandji ya tuhume shi, manyan kotunan Senegal suka ce ba su da hurumi. Aka koma Beljiyam, ta nemi a miƙa mata shi a 2005, gwamnatin shugaban Senegal Abdoulaye Wade ta yi ta jan ƙafa. Sai a watan Yulin 2012 Kotun Duniya da ke Hague ta umarci Senegal ta yi masa shari'a ko ta miƙa shi, lokacin Macky Sall ya hau mulki. Aka kafa kotu ta musamman da haɗin guiwar Tarayyar Afirka. An fara zama ranar 20 ga Yulin 2015. Habré ya ƙi amincewa da kotun, sai da aka riƙa shigo da shi da ƙarfi, yana zaune da farin rawani da baƙin tabarau, ya ƙi amsa tambayoyin kotu. Shaidu 93 suka yi magana, ciki har da matan da aka kai sansanin soja na Wadi Dum aka mayar da su bayin kwanciya. Ranar 30 ga Mayun 2016 alƙali Gberdao Gustave Kam, ɗan Burkina Faso, ya yanke masa ɗaurin rai da rai. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a watan Afrilun 2017, ta kuma ce a biya mutum 7,396 diyyar sefa biliyan 82. Habré ya mutu a Dakar ranar 24 ga Agustan 2021, bayan ya kamu da korona.

Tsugune ba ta ƙare ba ga waɗanda suka yi shekara 25 suna bin wannan hanya. Asusun da Tarayyar Afirka ta ce ta kafa don diyyar ya daɗe bai motsa ba. Wata kotun a Injamena, wadda ta ɗaure tsoffin jami'an DDS 20 a watan Maris na 2015, ta umarci a biya diyya, a gina abin tunawa, a kuma mayar da hedikwatar hukumar gidan tarihi, shekaru suka yi ta wucewa gwamnati ta yi kunnen uwar shegu. Da yawa daga masu ƙarar sun rasu suna jira. Sai a 2024 gwamnatin Mahamat Déby, ɗan Idriss Déby, ta ware sefa biliyan 10 a raba wa mutum wajen 10,700, kowa ya tashi da abin da bai kai sefa miliyan ɗaya ba.