Gam ɗin gasket na injin babur: wanne za a sa, a ina?

Duk gam ɗin ba ɗaya ba ne?

A'a fa. Akwai silikon irin su Permatex Ultra Grey, shi danshin da ke cikin iska ne ke busar da shi ya zama kamar roba. Akwai mai ruwa-ruwa wanda ba ya ƙamewa gaba ɗaya, su ThreeBond 1184 da Yamabond 4 da Hondabond 4. Sai kuma Loctite 518, wanda sai an matse shi tsakanin ƙarfe biyu inda babu iska sannan yake kamawa, wanda ya ɓullo waje kuwa haka zai zauna ruwa.

Toh wanne ya dace da haɗa ɓangarorin inji biyu?

Idan tun daga kamfani babu gasket (shimfiɗar da ake sawa tsakanin ƙarfe biyu don hana yoyo) a wurin, ƙarfe ne kan ƙarfe, to irin su ThreeBond ko Yamabond ne aikinsu, saboda suna shimfiɗuwa siriri kuma suna jure baƙin mai da fetur. Wannan ya fi muhimmanci a inji mai haɗa mai da fetur, don fetur har cikin ɗakin kiranki, wato ƙasan injin inda sandar da fistin ke juyawa take, yake ratsawa. Loctite 518 ma yana yi in fuskokin sun daidaita sumul, amma ba ya cike giɓin da ya wuce milimita 0.25.

Me zai hana in zuba silikon da yawa in huta da yoyo?

Nan ne mutane ke kashe injinsu da hannunsu wallahi. Kana ɗaure noti, abin da ka ga ya ɓullo ta waje to kwatankwacinsa ya ɓullo ta ciki, ya bushe ya gutsure ya bi mai, ya je ya toshe rariyar famfon mai ko ƴan ramukan da ke kai mai sama wajen bawul, kai kuma kana tafiya ba ka san komai ba sai ka ji ƙara, a buɗe a tarar da zare-zaren roba a rariya, saman injin ya bushe ƙayau ya cinye. Shafa shi da yatsa siriri a fuska ɗaya, ka kauce wa ramukan mai. Kuma silikon ba ya shiri da fetur, kumbura yake ya saki, don haka kar ya kusanci kabureta. Wanda ke da warin tsami mai hawa hanci ma a bar shi, yana iya cin ƙarfe.

Gasket ɗin kan silinda fa?

Busasshe ake sa shi, sabo, ba gam. Na takarda irin na murfin kuloci ma yawanci haka, sai dai ɗan ɗigo a inda robar waya ta fito ko inda fuskoki uku suka haɗu. Bakin salansa kuma zobensa za ka canza.

Na sa gam mai kyau amma yana yoyo, me ya faru?

Galibi ba a goge wurin ba ne. Kankare tsohon gasket tas ba tare da ka karce alminiyom ɗin ba, ka wanke maiƙo ya bushe, gam ba ya kama mai. A ɗaure notuna gicciye kaɗan-kaɗan da ƙarfin da littafin babur ɗin ya faɗa. Silikon yana son awa 24 kafin ya gama kamawa, a yi haƙuri da zuba mai da tada inji. In an yi duk wannan bai daina ba, ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan fuskar ka duba ko ta lanƙwashe, in haka ne sai an daidaita ta ko a canza.