Waiwaye: Jijiyar da Ke Bi ta Bayan Maƙoshi

A shekarar 1761 wani likitan Ingila, David Bayford, ya binciki gawar wata dattijuwa da ta haura shekara 60. Tun tana ƙarama haɗiyar abinci ke ba ta wahala, daga ƙarshe ko loma ɗaya ta daina wucewa, yunwa ta kashe ta. Bai ga ƙari ba, bai ga gyambo ba. Jijiyar da ke kai jini hannunta na dama ce ta tsiro daga inda ba a saba ba, can ɓangaren hagu na babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, sannan ta ratsa ƙirji tana matse hanyar abinci. Sai a 1794 aka buga bayaninsa.

Kusan mutum ɗaya cikin ɗari ake haifa da irin wannan jijiya, kuma galibinsu har su tsufa ba abin da ke damun su. An fi samun ta ga masu lalurar Down, wato lalurar da ake haihuwar mutum da ita mai jinkirta girma da koyo.

Fiye da ƙarni ɗaya da rabi, likitoci sun san matsalar amma ba mai iya taɓa ta. Robert Gross na asibitin yara na Boston a Amurka ne ya buɗe hanya. A 1945 ya yi wa wani jariri mai wata matsala makamanciyar wannan tiyata, wanda babbar jijiyarsa ta rabu biyu ta yi wa maƙogwaro da hanyar abinci zobe. Ya yanke reshe ɗaya, shaƙewar ta sake shi.

Inda abin ya fi tayar min da hankali shi ne ɗakin tiyatar zuciya na yau. A aikin gyaran babbar jijiya, likitoci kan sa bututun injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu a jijiyar hammatar dama, domin jini ya bi ta nan ya haura ƙwaƙwalwa. In jijiyar hannun dama ta majinyacin ta saɓa hanya, jinin ba zai shiga jijiyar wuya ta dama kai tsaye ba, alhali kowa a ɗakin na zaton komai lafiya. Haka kuma bututun abinci da aka zura ta hanci, in ya daɗe, yana iya cin bangon hanyar abinci har ya huda jijiyar nan da ta saɓa hanya, wadda ke kwance bayanta, jini ya ɓalle.

Shi ya sa kafin irin wannan tiyata ake ɗaukar hoton ƙirji da na'urar sikanin, likitan fiɗa ya zauna ya bi kowace jijiya daga tushenta har inda ta nufa.