Kura da shan bugu: ɗan resilin a idon dokar Amurka

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo ana nuna resilin ya san gardamar da ba ta ƙarewa: da gaske ake dukan nan ko shiri ne? Wani ya rantse jinin na gaske ne, wani ya ce ai tun a ɗakin sa kaya aka gama yanke wanda zai ci. A Amurka kamfanin resilin da kansa ya raba wannan gardama a watan Fabrairun 1989, a gaban majalisar dattawan jihar New Jersey. Wakilan WWF, wanda yanzu ake kira WWE, suka ce sana'arsu nishaɗantar da 'yan kallo ce, babu gasar tsakani da Allah a cikinta.

Kuɗi ne ya sa su tona asirin da aka shekara da shekaru ana rufewa. A lokacin hukumar wasanni ta jihar tana riƙe da resilin kamar yadda take riƙe da damben boksin: sai an ba ɗan wasa lasisi, an ba alƙalin wasa, har mai riƙe agogo, sai likita ya duba mutum kafin ya hau dandamali, ga haraji kan nuna wasan a talabijin. In aka yarda wasan kwaikwayo ne, duk wannan ya bi ruwa. Dattawan suka amince da ƙuri'a 37 da 1, amma dokar ba ta tabbata ba sai 1997, lokacin da gwamna Christine Todd Whitman ta sa hannu, ɗan resilin Undertaker na gefenta.

To, an cire ɗan resilin daga sahun 'yan wasan motsa jiki. Hankali zai ba ka cewa ya koma sahun 'yan fim ke nan, ya samu abin da suke samu. Bai koma ba. A takardar da yake sa wa hannu, sunansa "ɗan kwangila mai zaman kansa", kuma kan wannan suna komai ya rataya.

Dokar ƙwadago ta Amurka ba ruwanta da ko abin da kake yi wasa ne ko kwaikwayo. Tambayarta ɗaya: kai ma'aikaci ne ko ɗan kwangila? Dokar 1935 ta ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya, ta wajabta wa ubangida ya zauna da ita a yi ciniki, ta hana shi korar mutum don ya yi maganar ƙungiya. A 1947 majalisa ta yi mata kwaskwarima, ta fitar da 'yan kwangila daga inuwarta ƙarara. Haka abin yake a haraji. Ma'aikaci yana biyan kashi 7.65 cikin ɗari na albashinsa a asusun tsufa da lafiya na gwamnati, kamfani ya biya wani 7.65. Ɗan kwangila shi kaɗai yake ɗaukar 15.3 ɗin duka.

Ta yaya ake bambancewa? Kotun Ƙoli ta jera ma'aunan a wata shari'a ta 1992, kuma tushensu abu ne da kowa ya sani. Ka kira mai gyaran famfo gidanka: da kayan aikinsa zai zo, ku yi jinga, ya yi aikin yadda ya ga ya fi, gobe yana gidan maƙwabcinka. Wannan ɗan kwangila ne. Yaron shagonka kuwa kai kake ce masa ya buɗe ƙarfe bakwai, kai kake nuna masa inda zai jera kaya, kuma bai isa ya je ya tsare wa abokin gasarka shago da yamma ba. Abin da kotu take dubawa ke nan: wa ke da ikon faɗin yadda za a yi aikin, a ina, yaushe, da kayan wa, tsawon wane lokaci, kuma aikin nan shi ne ainihin sana'ar kamfanin ko wani abu ne na gefe. Sunan da aka rubuta a takarda ba ya yanke hukunci shi kaɗai.

A nan ne 'yan besbol suka shigo, wato ƙwallon nan da ake jefowa mutum ya make ta da kulki ya zura a guje. Abin mamaki, su ne a da suka fi kowa ɗauruwa. A 1922 Kotun Ƙoli ta ce dokar hana babakere a kasuwa ba ta hau kan besbol ba. A rana ɗaya cikin Janairun 1955 ta hana masu gidajen wasan kwaikwayo da masu shirya boksin wannan gata, a 1956 kuma gwamnati ta sa gamayyar masu shirya resilin ta NWA ta sa hannu cewa za ta daina babakere. Masu kulob-kulob na besbol kaɗai aka bar wa wuƙa da nama. Akwai wani sharaɗi a kwantiraginsu da ke ɗaure ɗan wasa ga kulob ɗaya har ya yi ritaya, sai dai in kulob ɗin ne ya ga damar sayar da shi. A 1969 kulob ɗin St. Louis ta musanya ɗan wasanta Curt Flood zuwa kulob ɗin Philadelphia bayan shekara goma sha biyu yana yi mata wasa, ya ce shi ba kaya ba ne, ba ya zuwa. Ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, ya sha kaye a 1972.

Abin da kotu ta hana 'yan besbol, ƙungiya ce ta ƙwato musu. A 1966 suka ɗauko Marvin Miller daga ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa ya shugabance su. A 1968 aka ƙulla yarjejeniyar farko, mafi ƙarancin albashi ya tashi daga dala 6,000 zuwa 10,000 a shekara. Bayan nan suka samu a riƙa kai saɓani gaban mai raba gardama wanda ba yaron masu kulob ba ne, kuma irin wannan mutum ne, Peter Seitz, ya kwance igiyar a Disamban 1975, ya ce in kwantiragi ya ƙare da shekara ɗaya ɗan wasa ya zama ɗan kansa. A 2024 mafi ƙarancin albashi a babban lig dala 740,000 ne. Kwana 43 a cikin jerin 'yan wasan kulob ya isa mutum ya shiga layin fansho. Ko gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari sai da aka yi ciniki da ƙungiya, kuma wanda aka kama yana da inda zai ɗaukaka ƙara. WWE ma tana da nata gwajin tun 2006, bayan mutuwar ɗan wasanta Eddie Guerrero, sai dai ita ta rubuta, ita ke hukuntawa.

'Yan fim sun riga su. Tun 1933 suke da ƙungiya, wadda ta haɗe da ta 'yan rediyo da talabijin a 2012 ta zama SAG-AFTRA. Jarumi ko aikin mako ɗaya ya yi, akwai farashin da ba a sauka ƙasa da shi, akwai lada in an maimaita nuna fim ɗin, akwai gudummawar lafiya da fansho. A 2023 sun yi yajin aikin kwana 118. Wanda ya fi kama da ɗan resilin a cikinsu shi ne mutumin da ake sa wa kayan jarumi ya faɗo daga bene ko ya sha naushin da aka tsara. Shi ma ɗan ƙungiya ne. Ka ga Dwayne Johnson ko John Cena, 'yan resilin da suka shiga fim: in an jefa su ta taga a gaban kyamarar fim, yarjejeniyar ƙungiya ta rufe su, in kuwa a kan tebur aka maka su a dandamalin resilin, sai abin da kwantiragin mutum ya ce.

Yanzu ɗora ɗan WWE a kan ma'aunin mai famfo da yaron shago. Kamfani ne ke cewa ranar kaza kana gari kaza. Marubutansa ne ke tsara abin da za ka faɗa, minti nawa za ka yi, wa zai ci. Ba ka yi wa wani kamfani wasa sai da izini. In an sallame ka, yawanci sai ka zauna kwana 90 ana biyanka kafin ka hau wani dandamali. Sau da yawa sunan ma ba naka ba ne. A 1996 Scott Hall da Kevin Nash suka koma kamfanin WCW, abokin gasar WWF, sai WWF ta ɗauko wasu mutum biyu ta sa musu kayan Razor Ramon da Diesel, sunayen da Hall da Nash ke wasa da su a WWF, ta turo su fage da sunayen, 'yan kallo na ihun ba su yarda ba. Wanda ya sa kayan Diesel ɗin, Glenn Jacobs, shi ne daga baya ya zama Kane. A ganina, wanda za a iya tuɓe wa sunansa a sa wa wani, da wuya a kira shi mai zaman kansa.

Kamfanin ma yana da bakin magana. Manyan taurarinsa miliyoyi suke ɗauka, kamfani yana biyan maganin raunin da aka ji a wasa, kuma ɗan wasa da gwanintarsa ya zo, shi ke ɗinka kayansa. Waɗanda ke yawo tsakanin ƙananan zauruka, yau Meziko gobe Japan, su kam 'yan kwangila ne na haƙiƙa. Matsalar tana kan wanda aka ɗaure shekara uku ko biyar a gida ɗaya, a gidan da Netflix ta sayi haƙƙin nuna shirinsa ɗaya kan dala biliyan 5 na shekara goma, amma inshorar lafiyarsa da tanadin tsufansa suna wuyansa.

An gwada kotu. A 2008 Scott Levy, wanda aka sani da Raven, da Chris Kanyon da Mike Sanders suka kai ƙara a Connecticut cewa su ma'aikata ne. A 2009 alƙali ya kori ƙarar, saboda batun cire haraji tsakanin kamfani da gwamnati ne, kuma sun makara wajen kawo wasu ƙorafe-ƙorafen. Ainihin tambayar bai amsa ta ba.

An gwada ƙungiya ma. A 1986, daf da WrestleMania ta biyu, babban wasan shekara na WWF, ɗan resilin Jesse Ventura ya tashi a ɗakin sa kaya ya ce a haɗa kai. Maganar ba ta kwana ba ta isa kunnen mai kamfanin, Vince McMahon, kuma Ventura ya ce sai shekaru bayan haka, a wata shari'a, ya ji cewa abokin aikinsa Hulk Hogan ne ya kai tsegumin. Katin ƙungiyar da Ventura ya samu a ƙarshe na 'yan fim ne, kafin ya zama gwamnan Minnesota a 1999. A 2020 kuma WWE ta hana 'yan wasanta neman kuɗi a manhajojin intanet na Twitch da Cameo, aka sallami 'yar wasanta Zelina Vega a Nuwamba, ranar da ta rubuta cewa tana goyon bayan ƙungiya. Shugabar SAG-AFTRA ta neme ta, amma ba a kafa komai ba, Vega ta koma kamfanin a 2021.

Hanyar a buɗe take a takarda. Kashi 30 cikin ɗari na 'yan wasan su sa hannu, a kai wa hukumar ƙwadago ta tarayya, ita kuma dole ta fara yanke ko su ma'aikata ne kafin a yi ƙuri'a. 'Yan ƙananan lig na besbol sun tara irin wannan sa hannu a 2022, masu kulob suka amince ba tare da an kai ga ƙuri'a ba, a 2023 albashinsu ya ninka har da ɗoriya. Sai dai ɗan besbol da ke make ƙwallo tana fita fili, ko kocinsa ya tsane shi, allon maki yana ba shi shaida, wani kulob kuma yana jira. Ɗan resilin da ya fara sa hannu, a wasan mako mai zuwa ana iya rubuta masa a kayar da shi cikin minti biyu, a maimaita mako shida, sannan a ce 'yan kallo sun daina yayinsa.