Bindigar .22 mai sakata: tambayoyi da amsoshi ga mai son koyon saiti da ƙaramar farauta

A Amurka da ƙasashen Turai da dama, bindigar da ake fara koya wa mutum harbi da ita galibi ƙaramar raifil ce mai cin harsashin .22, wato mai kaurin kusan kashi 22 cikin 100 na inci. Da ita manomin Ingila ke rage zomayen da suka addabi gonarsa, da irinta kuma ake neman lambar zinare a gasar Olamfik. Mai son saye yakan ruɗe saboda yawan samfura, alhali abubuwan da ke raba ta ƙwarai da ta banza ba su da yawa.

Da farko, mene ne rimfaya?

Juya harsashi ka dubi gindinsa. A manyan harsasai irin na soja akwai wani ɗan zagaye a tsakiya, shi allurar bindiga ke duka wuta ta tashi. Harsashin rimfaya, wanda .22 na cikinsa, ba shi da wannan. Sinadarin da ke ƙyasta wutar a cikin leɓen gindin kwanson aka zuba shi, ya zagaye shi kaf, allurar kuma gefe take duka ta matse leɓen. In ka tsinci kwanson da aka riga aka harba za ka ga ɗan tabo a bakin leɓen, kamar an danna shi da farce.

Tunda dole kwanson ya zama marar kauri kafin allura ta iya matse shi, ba ya jure albarushi mai yawa. Shi ya sa harsashin ya zama ƙarami, mai araha, marar ƙara sosai, bindigar kuma ba ta shurin kafaɗa. Wani Bafaranshe, Louis-Nicolas Flobert, ya fito da dabarar a 1845. Kamfanin Smith & Wesson ya kawo .22 Short a 1857, sannan a 1887 kamfanin Stevens na Amurka ya fitar da .22 Long Rifle, wanda ake taƙaitawa .22 LR. Shi ne har yau ke jan ragama, ƙwayar dalmarsa kuma galibi nauyinta kimanin giram 2.6 ne.

Me ya sa mai sakata, ga masu ɗura kansu a kasuwa?

Sakatar bindiga kamar ta ƙofa take: ka ɗaga, ka ja baya kwanso ya faɗo, ka tura gaba sabon harsashi ya shiga, ka saukar ta kulle. Bindiga mai ɗura kanta, irin Ruger 10/22 da ta shahara tun 1964, ƙarfin harsashin ne ke tura mata sakata baya, don haka tana da zaɓen abinci. In ka ba ta harsashi mai sanyin gudu sai ta riƙa sarƙewa. Mai sakata kuwa duk abin da ka ba ta ci take yi. Ana kuma iya matse ramin da harsashi ke zama a ciki ya yi daidai da shi cif, abin da ke ƙara saiti.

Akwai wani amfanin da ba a cika faɗa ba. Mai koyo da ke da harsashi goma a shirye yakan zazzage su cikin daƙiƙa kaɗan, bai san wanne ya samu wanne ya kuskure ba. Sakata na tilasta masa ya dakata bayan kowane harbi. Kuma in an bar ta a buɗe, kowa a filin ya ga cewa bindigar ba za ta tashi ba.

.22 LR, ko .22 WMR, ko .17 HMR?

Ga wanda zai haɗa atisaye da farautar zomo, .22 LR. Nan ba na jan magana. Kamfanin Winchester ya fito da harsashin .22 WMR a 1959, ya fi ƙarfi, amma ya fi tsada da ƙara. Kamfanin Hornady ya kawo .17 HMR a 2002, ƙwaya 'yar mitsitsiya mai gudun kusan mita 775 a daƙiƙa, tana tafiya miƙe har bayan mita 100, sai dai takan dagargaza naman ƙaramar dabba in ba a kai aka same ta ba. Kuɗin kwali ɗaya nasa ya isa ka sayi kwalaye da dama na .22 LR na atisaye, hannu kuwa da yawan harbi yake faɗawa.

In na ɗauki bindiga a shago, ina zan fara dubawa?

Kunama. Mutane sukan tsaya kallon ƙyallin katako da kaurin bututu, su manta da abin da yatsa zai taɓa sau dubbai. Kunama mai tauri tana sa ka yi ta matsawa har bakin bindiga ya kauce kafin harsashi ya fita. Wadda ta fi muni ita ce mai jan ciki, wadda za ka ji tana gurzawa kaɗan-kaɗan kamar akwai yashi a ciki, ba ka san inda za ta saki ba. Ta ƙwarai takan tsaya cak, ka ƙara ɗan nauyi, ta karye farat ɗaya kamar tsinken ashana. Don farauta, nauyin kilo 1 zuwa 1.5 ya yi. 'Yan gasa na saukar da tasu ƙasa sosai, amma ko a wasan bayatlon, inda ake gudu kan dusar ƙanƙara ana harbi, doka ba ta yarda ta gaza giram 500 ba. Kunama mai saurin tashi a hannun mai ratsa ƙaya da duhuwa hatsari ce. Nemi wadda ake iya gyara nauyinta, kuma kada ka danna ta a shago sai ka nemi izinin mai kaya.

Bayan kunama sai bututu. Dogon bututu ba ya ƙara wa .22 LR gudun kirki, domin albarushinsa ya gama ƙonewa tun wajen inci 16. Tsakanin inci 16 da 20 ya wadatar. Mai kauri ya fi zama daram a kan teburin atisaye, amma wanda zai wuni yana yawo da ita a kafaɗa zai gode wa sirara. Dubi bakin bututun da kyau, nan ne wuri na ƙarshe da ƙwaya ke taɓawa, ƙaramin lotsawa a wurin ya isa ya watsa saiti.

Sai ka ɗora ta a kafaɗa ka rufe ido, ka kwantar da kunci, ka buɗe. In idonka bai faɗa kan layin saiti ba sai ka miƙa wuya, gindin bai dace da kai ba.

Waɗanne sunaye ne aka yarda da su?

CZ 457 ta Jamhuriyar Cek, da ake ƙerawa a garin Uherský Brod, ita ce magajiyar samfuran CZ 452 da 455. Ana gyara kunamarta, ana kuma iya sauya mata bututu ta koma cin .17 HMR ko .22 WMR. Tikka T1x ta ƙasar Finlan ta fito a 2018, sakatarta sulɓi, gindinta na roba, ba ta damu da raɓa ko ruwan sama ba. Tsakanin waɗannan biyu zaɓi ya koma ga abin da ya fi kwanta maka a hannu. Ni dai katakon CZ ya fi burge ni, amma katako bai taɓa kashe zomo ba.

Mai ƙaramin aljihu ya dubi Savage Mark II, wadda kunamarta AccuTrigger ta fi kuɗinta, ko Ruger American Rimfire, mai amfani da gidan harsashi iri ɗaya da na 10/22, wanda ake samu ko'ina a Amurka. Bergara B-14R ta Sifaniya an yi ta da girma da nauyin babbar raifil don masu son atisaye da araha, ba ta yawon daji ba ce. Can sama kuma akwai Anschütz ta birnin Ulm a Jamus, wadda ta daɗe tana cin gasa a duniya. Tana da kyau ƙwarai, amma mai koyo ba zai ga bambancin da ya biya wa kuɗi ba sai bayan shekaru.

Na sayi mai tsada amma harbina na warwatsewa. Laifin wa?

Sau da yawa na harsashi ne, kuma nan ne sirrin rimfaya yake. Kowane bututu da irin harsashin da jininsu ya haɗu. Bindiga biyu samfuri ɗaya, daga masana'anta ɗaya, wata ta so harsashin kamfanin Eley, wata ta ƙi shi ta so na Lapua. Abin ya kai ga kamfanin Lapua yana da wuraren gwaji a Schönebeck ta Jamus da Mesa ta jihar Arizona, inda ɗan gasa ke kai bindigarsa a ɗaure ta a maƙala, a yi ta gwada rukuni-rukuni na harsashi har a samo wanda ya dace da ita, ya saya da yawa. Ba wasa ba ne, domin a gasar mita 50 ta Olamfik da'irar maki goma faɗinta milimita 10.4 ne kacal.

Kai ba sai ka je Jamus ba. Sayi kwali ɗai-ɗai na iri huɗu ko biyar, misali CCI Standard Velocity da SK Standard Plus da Eley Club da Lapua Center-X. Kafa takarda a mita 50, ɗora bindigar a kan buhun yashi, ka zaɓi safiyar da iska ba ta kaɗawa. Harba biyar-biyar, aƙalla sau biyar ga kowane iri. In ka sauya iri, harba goman farko a gefe, domin kowane kamfani da irin kakin da yake shafa wa dalmarsa, sai bututun ya saba da sabon. Irin da ramukansa biyar suka taru har farcen babban yatsanka ya kusa rufe su, shi ne abincin bindigarka. Kada ka yanke hukunci da rukuni ɗaya da ya yi kyau, sa'a ma tana harbi.

Za ka lura cewa masu sanyin gudu sukan fi saiti. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Harsashin gasa yana fita da kusan 325, ƙasa da sauti tun daga farko. Mai saurin gudu yana fita da wajen 380, sai ya rage gudu a hanya ya ratso iyakar sauti, iska kuma ta fi tura shi gefe. Ga farauta ana amfani da mai rami a goshi, wanda ke buɗewa in ya shiga nama, shi ma sai ka gwada shi a takarda tukuna.

Madubin hange fa?

Kada ka ƙarar da kuɗinka kan bindiga ka ɗora mata madubin banza. Mai girmamawa sau 3 zuwa 9 ya ishi mafarauci. Abin lura guda: madubin manyan raifil an daidaita shi ne don yadi 100, in ka yi harbin kusa da shi, ɗan motsin ido zai sa layin saiti ya riƙa yawo a kan bara. Nemi wanda aka yi don rimfaya, mai daidaito a yadi 50, ko mai maɓallin gyara nisa. Ka kuma tabbatar da faɗin titin da ake ɗaura shi, na Turai milimita 11 ne, na Amurka kashi 3 cikin 8 na inci, sun yi kama amma ba ɗaya ba ne.

Daga wane nisa ya kamata in harbi zomo ko kurege?

Daga nisan da kake iya samun abu mai girman lemon tsami kowane lokaci, a irin zaman da za ka yi a daji, ba a kan tebur ba. Ga yawancin mutane bai wuce mita 50 zuwa 60 ba. In ka saita bindigar a mita 50, kafin ƙwaya ta kai mita 100 ta sauka kimanin santimita 15 zuwa 20, kusan taƙi guda, iska matsakaiciya kuma ta ture ta wajen santimita 10. A nan ake raunata dabba ta shige rami ta mutu a banza.

Ta hannu tana da laifi?

Babu, bututun .22 LR yana daɗewa ƙwarai saboda dalma ba ta cin ƙarfe. Buɗe sakata ka haska bakin ramin harsashi. In ka ga ɗan lotsawa a gefe, mai ita ya riƙa danna kunama babu harsashi, allura na dukan ƙarfe tsagwaronsa. Irin wannan takan riƙe kwanso ya ƙi fita. Leƙa cikin bututu ko akwai tsatsa ko wani zobe mai duhu, alamar kumburi.

Tunda ƙarama ce, hatsarinta kaɗan ne ke nan?

Ko kusa. A jikin kwalin harsashin akan rubuta gargaɗin cewa yana da hatsari har nisan mil ɗaya da rabi, wato kusan kilomita biyu da rabi. Kuma .22 ta yi ƙaurin suna wajen tsalle: in ta daki ruwa ko dutse ko busasshiyar ƙasa sai ta tashi ta nufi wani wuri. Ba a harbin tsuntsu a kan reshe da raifil sai an san abin da ke bayansa, filin atisaye kuma dole ya kasance da tudun ƙasa a baya.

Mutum zai iya mallakar irinta a Nijeriya?

Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su gida uku. Akwai haramtattu, irin raifil ɗin soja da fistol, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na kai, inda raifil ɗin wasa da farauta irin wannan ta faɗa, lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Sai bindigogin toka irin na maharban gargajiya, da Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke kula da su. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani. A watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, don haka kafin ka yi maganar kuɗi da kowa, je hedikwatar 'yan sandan jiharka ka tambayi inda aka kwana. Riƙe ta ko harsashinta babu takarda laifi ne mai kai mutum gidan yari.