Kitsen ciki da haɗarin hawan jini a matakin gab da ciwon sukari

Matakin gab da ciwon sukari yanayi ne da sukarin jini ke haura yadda ya kamata amma bai kai a kira shi ciwon sukari ba. A ma'aunin Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka, mutum yana wannan mataki idan sukarinsa na safe kafin karyawa ya kai miligiram 100 zuwa 125 a kowace desilita ta jini, ko gwajin HbA1c, mai auna matsakaicin sukarin jini na watanni biyu zuwa uku da suka wuce, ya nuna kashi 5.7 zuwa 6.4 cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa daga 110 take fara ƙirga na safen. Hawan jini, wato awon da ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama da haka, yana yawan zuwa tare da wannan yanayi, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ke haɗa su shi ne wurin da kitse ya taru a jiki.

Kitsen ciki iri biyu ne. Akwai na ƙarƙashin fata, wanda ake iya damƙa da yatsu a gefen cibiya, akwai kuma na can ciki wanda ke naɗe da hanji da sauran kayan ciki, a bayan naman bangon ciki inda hannu ba ya kai masa. Shi ya sa tumbin da ya fito gaba ya yi tauri yakan fi teɓa mai laushi haɗari. Tun a 1947 likita ɗan ƙasar Faransa Jean Vague ya bambanta ƙibar da ke taruwa a saman jiki, wadda ta fi yawa a maza, da wadda ke sauka a ɗuwawu da cinyoyi, wadda ta fi yawa a mata, daga baya ya nuna cewa ta farkon ce ke tafiya da ciwon sukari da cututtukan jijiyoyin jini. A 1988 Gerald Reaven na Jami'ar Stanford ya danganta hawan jini da hauhawar sukari da rikicewar maiƙon jini ga asali guda, wato bijirewar jiki ga insulin, sinadarin da jiki ke fitarwa domin daidaita sukarin jini.

Kitsen can ciki ba ajiya ce kawai ba. Jinin da ke fitowa daga gare shi hanta yake nufa kai tsaye, ɗauke da maiƙo da sinadarai masu tayar da kumburi, sai hanta ta rage jin umarnin insulin, jiki kuma ya ƙara yawan insulin ɗin domin ya cike gurbi. Abin lura shi ne ƙoda ba ta bijirewa kamar yadda hanta da tsoka suke yi, tana ci gaba da amsa kiran insulin na riƙe gishiri, kuma duk inda gishiri ya tsaya ruwa na tsayawa tare da shi. Yawan insulin da sinadarin leptin da kitse ke fitarwa suna zaburar da jijiyoyin da ke sa zuciya saurin bugawa da hanyoyin jini tsukewa. Kitsen yana kuma samar da angiotensinogen, tushen wani sinadari mai matse hanyoyin jini, sannan wanda ya taru a kewayen ƙoda da bakinta yana iya danne ta a zahiri. Ɗaukewar numfashi cikin barci, wadda ke zuwa da minshari mai ƙarfi, tana ƙara tsananta lamarin.

Sikeli ba ya ganin wannan bambanci, haka ma ma'aunin BMI mai gwada nauyin mutum da tsayinsa, domin mutum biyu masu tsayi ɗaya da nauyi ɗaya suna iya bambanta ƙwarai wajen kitsen can ciki. Hoton CT ko MRI ne ke raba nau'o'in biyu daidai, amma a aikin yau da kullum tef ɗin awo ake amfani da shi: a zagaya shi tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, mutum yana tsaye, ya saki numfashi bai tsuke ciki ba. A 2005 Tarayyar Ciwon Sukari ta Duniya ta sa iyakar santimita 94 ga maza da 80 ga mata 'yan asalin Turai, da 90 ga mazan Kudancin Asiya da Sin, waɗanda ke tara kitsen can ciki ko da jikinsu bai nuna ƙiba ba. Ga mutanen Afirka kudu da Sahara aro aka yi na iyakar Turai kafin a sami tasu, kuma aron yana da rauni, domin masu asalin Afirka sukan fi Turawa ƙarancin kitsen can ciki a ƙiba iri ɗaya, alhali hawan jini ya fi yawa a cikinsu. Wata ƙa'ida mai sauƙi ita ce kada zagayen ciki ya kai rabin tsayin mutum.

Wannan kitse yana saurin raguwa da motsa jiki da rage abinci, har tef yakan nuna canji kafin sikeli ya motsa sosai. A babban gwajin rigakafin ciwon sukari na Amurka da aka fitar da sakamakonsa a 2002, shirin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyi tare da motsa jiki na minti 150 a mako ya rage kamuwa da ciwon sukari da kashi 58 cikin ɗari, maganin metformin kuma da kashi 31. A matsakaici, kowane kilo ɗaya da aka sauke yana rage awon jini da kusan lamba ɗaya. Tiyatar zuƙe kitse ba ta maye gurbin wannan, domin na ƙarƙashin fata kawai take cirewa: wani bincike na 2004 a kan mata masu ƙiba ya nuna cewa cire kilo da dama ta wannan hanya bai gyara awon jininsu ko yadda jikinsu ke amsa insulin ba.