Asbestos: me kalmar take nufi, kuma ina haɗarin yake?

Kwanan nan kalmar asbestos ta cika gari, daga gidajen rediyo har zaurukan WhatsApp na iyaye mata. Sai ka ji mai gabatar da shiri yana cewa duk wanda ke kwana a ƙarƙashin silin asbestos yana kwana da ajalinsa. Uwa ta ji haka, ta tuna ranar da yoyon damina ya sa silin ɗakin yara ya rufto, ta share shi da tsintsiya ɗanta na tsaye yana kallo. Shi ke nan barci ya ƙaurace mata.

A bakin kafintoci da masu sayar da kayan gini, duk wani farin allon silin "asbesto" ne, kamar yadda kowane garin sabulun wanki ya zama Omo. Alhali asbestos ma'adini ne da ake haƙowa a cikin dutse, zare-zare ne sirara, wuta ba ta cin sa. Wannan ya sa aka daɗe ana cakuɗa shi da siminti a yi kwanon rufi da silin da bututun ruwa. Yawancin tsofaffin alluna suna ɗauke da shi, wasu sababbin kuwa zaren itace ne a cikinsu, sunan kawai suka gada. Ido ba ya bambancewa, sai an kai ɗakin gwaji.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake murɗe maganar masana cewa ba a san wani adadi na asbestos da za a ce babu haɗari a cikinsa ba. Gaskiya ce, amma ba ta nufin shaƙa sau ɗaya daidai take da shaƙar shekara ashirin. Allon da ke zaune lafiya, an shafe shi da fenti, siminti ya riƙe zarensa. Ƙurar ce matsalar, kuma haɗarin yana ƙaruwa ne da yawanta da daɗewar da aka yi ana shaƙarta.

Wanda ke son ya ga ainihin abin tsoro ya dubi Wittenoom, wani gari a yammacin Ostireliya inda aka haƙi shuɗin asbestos, wanda ya fi kowane iri muni, har zuwa 1966. Tarkacen ma'adinin aka riƙa shimfiɗawa a tituna da tsakar gidaje don kwantar da jar ƙasa. Yara suna wasa a cikinsa kullum, mata suna kakkaɓe kayan aikin mazajensu kafin wanki. Bayan shekara ashirin, talatin, arba'in, sai kansar fatar da ta lulluɓe huhu ta fara ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya. Mutum sama da 2,000 ne suka rasu, kuma a 2007 hukuma ta soke sunan garin daga taswira. Irin wannan ne ya sa Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005. Ina wannan, ina guntun silin da ya faɗo da yamma aka kwashe kafin magariba?

Don haka, Hajiya, ke da silin ɗakin yaranki ya rufto, haɗarin da ke kan yaronki kaɗan ne ƙwarai. Hoton ƙirji ba zai nuna komai ba yanzu, gwangwanin madarar da aka ɗura masa kuma cikinsa ta tafi, ba ta bi ta huhu ba. In silin ya sake ruftowa, a fitar da yara, a kashe fanka, a yayyafa ruwa, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a ƙulle komai a leda. Ban da sharar tsintsiya a bushe. In ya girma ki raba shi da taba, domin ita da asbestos in sun haɗu, ninka haɗarin kansar huhu suke yi.

Wanda ya kamata rediyo ta yi magana a kansa shi ne kafintan da ke yanka allunan nan da zarto safe da yamma, gira da gemu fari fat da ƙura, babu ko ƙyalle a hanci, da ɗan koyon aikin da ke riƙe masa allon. Ban taɓa jin an gayyato ko ɗayansu cikin shirin ba.