Daga Apapa zuwa Kantin Kwari: tambayoyi da amsoshi kan dakon kaya

Ɗan kasuwar da ya sayo yadi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin yakan lissafa kuɗin kaya, kuɗin jirgi, kuɗin fito da kuɗin tirela, ya ce ya gama. Idan kaya suka iso Kano sai ya tarar lissafin ya haura. Yawancin wannan ƙarin daga zaman jira yake fitowa: kwantena na zaune a tasha, mota na zaune a layi, takarda na zaune a tebur.

Ta ina kwantena ke bi kafin ta iso Arewa?

Daga tashoshin ƙasar Sin jirgi kan ɗauki kwana 35 zuwa 45 kafin ya iso Legas, wani lokaci fiye da haka idan an sauya wa kwantenar jirgi a hanya. A Legas tana sauka a Apapa, ko Tin Can, ko sabuwar tashar Lekki da ta fara aiki a 2023. Bayan fito sai tirela ta ɗauke ta ta bi Ibadan, Ogbomoso, Ilori, Jebba da Mokwa. Daga nan direba ke zaɓa: ko ya bi Tegina da Birnin Gwari, wadda ta fi kusa amma da yawa suka ƙaurace mata saboda 'yan bindiga da lalacewar titi, ko ya zagaya ta Bida da Suleja ya fito Kaduna. Tafiyar ta haura kilomita 1,000.

Wace takarda ce ta fi tsayar da kaya?

Fom M, wato takardar da mai shigo da kaya ke bayyana abin da zai shigo da shi. Ana buɗe shi ta banki kafin a yi lodin kaya a can waje, kuma a kansa sauran takardu ke ginuwa. Da shi da rasidin mai sayarwa, jerin abin da ke cikin kwantena da takardar lodin jirgi ne kwastam ke fitar da PAAR, wato rahoton ƙiyasin kuɗin fito. Kayan lantarki da sauran kayan masana'anta suna buƙatar shaidar ingancin kaya ta SONCAP, abinci da magani da kayan shafa kuma izinin NAFDAC.

Inda ake faɗawa rami shi ne saɓani tsakanin takardu. Rasidi ya ce katan 900, jerin kaya ya ce 950. Ko a sa wa kaya lambar rukunin da kuɗin fitonsa kashi 5 ne alhali na kashi 20 ne, domin jadawalin ECOWAS hawa biyar ne: sifili, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Da zarar jami'i ya gano, sai a sake ƙiyasi, a biya cikon, kwantena kuma na nan zaune. Wanda ya bari sai jirgi ya iso sannan ya fara neman takardu ya riga ya yi asara. A tura wa ejan mai fito da kaya kwafin komai tun jirgi na kan ruwa, a gyara kuskure kafin ya sauka.

Mene ne dimareji, kuma me ya sa yake cin riba haka?

Kuɗi biyu ne daban da mutane ke haɗawa. Akwai wanda kamfanin jirgi ke karɓa saboda an riƙe masa kwantena fiye da kwanakin kyauta da ya bayar, shi ne dimareji. Akwai kuma kuɗin ajiya da masu kula da tasha ke karɓa saboda filin da kwantenar ta tare. Dukansu kullum ake lissafa su, kuma farashin hawa-hawa ne: makon farko da sauƙi, na uku ya ninka.

Abin da ya fi cutar ɗan kasuwar Arewa shi ne agogon kamfanin jirgi ba ya tsayawa sai an mayar masa da kwantenar babu kaya. Mai shago a Legas zai sauke ya mayar cikin kwana biyu. Na Kano sai ta je ta dawo, sannan ta bi layin mayarwa, kuma daga kuɗin jinginar kwantena da ya bari a hannun kamfanin ake cirewa. Shi ya sa wasu ke juye kaya cikin wata mota a Legas su mayar da kwantena nan take. Wannan na rage dimareji, amma yana buɗe ƙofar sata da fashewar katan wajen juyewa, ga kuɗin 'yan dako. Mafita mafi arha ita ce neman ƙarin kwanakin kyauta, 14 ko 21, tun lokacin da ake cinikin kuɗin jirgi, a kuma tabbatar an rubuta su. Bayan jirgi ya iso babu mai sauraron wannan roƙo.

Cunkoson Apapa ya ragu?

Ya ragu idan aka kwatanta da shekarun 2017 zuwa 2020, lokacin da tireloli ke shafe makonni a kan gada. A Fabrairun 2021 hukumar tashoshin jiragen ruwa ta kawo tsarin Eto, inda mota ke yin rajista ta intanet ta jira a gareji har a kira ta. Direbobi na ci gaba da kokawa kan 'yan bumburutun tikiti da shingayen karɓar na goro.

Me ya sa kuɗin mota ke tashi ko da titi bai ƙara tsawo ba?

Man gas shi ne babban kaso na kuɗin tafiya, kuma farashinsa ya yi tsalle tun 2022. Taya, batir da kayan gyara da dala ake shigo da su, don haka sakin darajar naira a Yunin 2023 ya taɓa kowace tirela. Shi ma farashin dalar da kwastam ke lissafin fito da shi ya tashi daga ƙasa da naira 500 a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a Fabrairun 2024.

Akwai dalilin da ba a cika faɗa ba: dawowa fanko. Idan mai mota bai da tabbacin samun lodi a dawowa, kuɗin zuwa da dawowa zai ɗora wa mai kayan farko. Lokacin kakar riɗi, citta da waken suya, da motoci ke samun lodi daga Dawanau zuwa kudu, ciniki ya fi sauƙi. A nan ne 'yan kamasho ke cin abinci, kuma a nan manhajojin haɗa mai kaya da mai mota suka so shiga. Da yawansu sun sha wahala, domin mai mota na son kuɗin mai a hannu yau, babban kamfani kuma sai bayan wata ɗaya ko biyu yake biya.

Sai lodin wuce kima. Ƙa'idar ECOWAS ta kayyade tan 11.5 a kan gatari guda mai jan mota. Ana ɗora abin da ya fi haka don a ci riba a tafiya ɗaya, sai sifirin ya karye, taya ta fashe, titin da kowa ke bi ya farfashe.

Ina amfanin tashoshin tsandauri na Kaduna, Kano da Funtuwa?

Manufarsu ita ce kwantena ta wuce Legas a rufe da hatimin kwastam, a yi bincike da fito a Arewa. An buɗe ta Kaduna a Janairun 2018, ta Dala da ke Zawaciki a Janairun 2023, ta Funtuwa a 2024. Tunanin daidai ne, amma ƙafarsa jirgin ƙasa ce. Tsohon layin dogo da ya iso Kano tun 1911 siriri ne kuma ba ya aiki a kai a kai. Sabon layi mai faɗi ya tashi daga Apapa ya tsaya a Ibadan, wani ya haɗa Abuja da Kaduna, na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi ana kan gina su. Muddin tirela ce za ta kawo kwantenar, abin da aka rage shi ne wahalar fito a Legas, kuɗin hanya na nan. Wanda zai yi amfani da su ya tabbatar an rubuta sunan tashar tsandaurin a takardar lodin jirgi tun daga farko.

Rikicin Bahar Maliya ya shafe mu, alhali jiragenmu ba ta can suke bi ba?

Ya shafe mu. Da 'yan Huthi suka fara kai wa jirage hari a ƙarshen 2023, manyan kamfanoni suka daina bi ta mashigin Suwez suka koma zagaya kudancin Afirka, ƙarin kwana goma zuwa mako biyu kan tafiyar Asiya zuwa Turai. Jiragen da ke zuwa Legas daga Sin dama ta kudun suke bi. Sai dai idan kowace tafiyar Turai ta ƙara tsawo, jirage da kwantenoni kan yi ƙaranci a ko'ina, farashi ya tashi har a layin Afirka ta Yamma.

Yaya lamarin yake a Nijar?

Nijar ba ta da teku, kuma a da mafi yawan kayanta ta tashar Kwatano da ke Benin suke shigowa su haye gadar Malanville zuwa Gaya. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyaka. ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, amma Yamai ta bar nata ɓangaren gadar a rufe. Kaya suka koma bi ta Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera cikin ayari da rakiyar soja. Mota kan jira har ayari ya cika, kuma wannan jiran yana bayyana a farashin shinkafa a kasuwa.

Mai fitar da amfanin gona fa, me ke lalata masa kaya?

Danshi da maganin ƙwari. Kwantena mai ƙafa 20 na ɗaukar kusan tan 19 na riɗi, mai ƙafa 40 kusan tan 12 na zoɓorodo. Idan aka loda kaya ba su bushe sarai ba, zafin rana da sanyin dare kan sa rufin kwantena ya yi gumi ya ɗiga kan buhuna, a buɗe a can a tarar da fumfuna. A duba kwantena daga ciki a rufe ko haske na shigowa ta wata huda, a shimfiɗa takarda mai kauri a ƙasa da bango, a rataya jakunkunan tsotse danshi. Batun magani kuwa, Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya a 2015 saboda yawan sinadarin dichlorvos da ake zuba masa a sito. Kafin lodi ana buƙatar rajistar hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, fom NXP na fitar da kaya ta banki, da shaidar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar duba lafiyar amfanin gona.

Nawa ya kamata ɗan kasuwa ya ajiye a sito?

A lissafa daga ranar biyan kuɗi zuwa ranar da kaya suka shiga sito, ba kwanakin jirgi kaɗai ba. Mai sayar da katan 50 a rana, wanda odarsa ke ɗaukar kwana 70, dole ya sake oda tun yana da katan 3,500. Ya ƙara na kwana 20, wato katan 1,000, saboda jinkiri. Ajiye fiye da haka na daskarar da jari, musamman ga mai bashin banki. A kuma sa ido kan hutun sabuwar shekarar Sin a Janairu ko Fabrairu, lokacin da masana'antu ke rufewa na makonni. Mai neman kayan sallah ya ƙirga baya daga azumi, ya ba da oda kafin wannan hutun idan lokutan biyu sun zo kusa da juna.